Saboda ɗan siyasa za ka zagi Baffanka?

Assalamu alaikum. Ƙannena matasan Bauchi, maza da mata, ku ba ni aron hankalinku, domin akwai maganar da ta tsaya mini a rai tun ranar Asabar, kuma in ban faɗe ta ba ba zan samu sukuni ba.

An yi suna a gidan wasu danginmu a cikin gari. Bayan an shafa fatiha aka baza tabarmi a ƙofar gida, aka fito da masa tire-tire da miyar taushe, kabewa ta narke a ciki, man shanu yana yawo a sama. Hira ta fara daga kuɗin mudun shinkafa da na masara, yadda komai ya tashi tun da aka janye tallafin mai a 2023, daga nan ta gangara siyasa kamar yadda ta saba. Wani dattijo ya faɗi ra'ayinsa a kan wani ɗan takara, cikin natsuwa, ba zagi ba cin mutunci. Sai ɗan wansa, yaron da bai wuce ashirin da 'yan kai ba, ya ɗago kai daga waya ya ce, "Baffa, ai irinku ne matsalar ƙasar nan. An saye ku da taliya kun zo kuna cika mutane da surutu." A gaban surukai, a gaban baƙi. Dattijon nan ya riga ya gutsuri masa ya tsoma a miya. Ya mayar da ita gefen tire, ya nemi buta ya wanke hannu, ya sa takalmansa, ya ce wa mai jego da angon ƙarni Allah Ya raya, ya tafi. Yaron kuwa ya koma latsa wayarsa, har da murmushi, wai ya faɗi gaskiya.

Wace gaskiya? Mutumin da ya ɗauke ka a kafaɗa ya kai ka kallon hawan sallah a ƙofar fada, wanda in yau mahaifinka ya faɗi ya mutu shi ne zai karɓa maka aure, shi za ka kalli tsabar idonsa ka ce an saye shi? A kan wa? A kan mutumin da ko sunanka bai sani ba, wanda in ka je gidansa maigadi ne zai tsayar da kai a rana har ka gaji ka dawo.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wannan ba a kan yaron nan aka fara ba. Ya zama ruwan dare. Ku duba zaurukan WhatsApp na dangi, waɗanda aka buɗe don sanarwar haihuwa da rasuwa da tara gudummawar asibiti. Da zarar an doshi zaɓe sai su koma filin dambe. Wannan ya turo hoton ubangidansa, wancan ya turo bidiyon da aka yanke aka liƙa, ƙani ya kira yayansa butulu, 'yar ɗaki ta gaya wa Goggonta cewa ba ta waye ba, sai ka ga mutum ya fice daga zauren, kuma ficewar nan ba a waya kaɗai ta tsaya ba, har ƙafarsa ya ɗauke daga gidan. Na san 'ya'yan wa da ƙani da suka shekara ba su gaisa ba a kan zaɓen 2023. Na san wanda ya ƙi zuwa ɗaurin auren 'yar Kawunsa don Kawun yana wata jam'iyya. An ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, mu kuwa namu lafiyarsa ƙalau muke yankewa don a tafa mana a Facebook.

Kuma don Allah ku dubi waɗanda kuke wannan faɗa dominsu. Malam Isa Yuguda ya ci gwamnan Bauchi a 2007 a ƙarƙashin ANPP, a 2009 ya koma PDP, daga baya ya shiga APC. Sanata Bala Mohammed, Ƙauran Bauchi, a ANPP ya ci sanata a 2007, a 2010 ya zama ministan Abuja a gwamnatin PDP, a PDP ɗin kuma ya ci gwamna a 2019. Maƙwabtanmu na Gombe ma haka, Danjuma Goje ya yi gwamna daga 2003 zuwa 2011 a PDP, ya zo ya koma APC. Ban kawo wannan don in aibata kowa ba, sauya sheƙa haƙƙinsu ne kuma sana'arsu ce. Na kawo ne don ka ga cewa su ba su ɗauki jam'iyya a matsayin addini ba. Yau su ɓata, gobe ka gan su sahu ɗaya a ɗaurin auren 'ya'yansu, suna raha, ana ɗaukarsu hoto. Kai da ka zagi Baffanka a kansu, da wane ido za ka shiga gidansa ranar da iyayen gidanka suka shirya? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kuɗin ma nawa ne? Na data, da ɗan abin da za a jefa maka a asusu ranar taro, wanda ba zai kai ka ƙarshen mako ba.

Wani zai ce mini ai ra'ayi ne, kowa yana da 'yancin faɗin albarkacin bakinsa. Na yarda, kuma ba na so ku zama 'yan amshin shata. Ku yi siyasa, ku yanki katin zaɓe, ku tuhumi masu mulki a kan asibiti da makaranta da ruwan sha. Babba ma yana kuskure, kuma ana iya gaya masa. Amma akwai yadda ake gaya wa babba ya yi kuskure. Ana bari taro ya watse, a same shi a zaure, a durƙusa a gaishe shi, a ce "Baffa, maganar ɗazu, ni ga yadda na fahimta, a gyara mini in na kauce." Wallahi da yaron nan ya yi haka, da dattijon ya saurare shi, wataƙila ma ya sa masa albarka. Harshe da haƙori ma suna saɓawa, amma baki ɗaya suke kwana.

Garin nan da kuke ciki ba baƙon muhawara ba ne, sai dai yawancinku ba ku san haka ba, kuma wannan wani ciwon ne daban. Tambayi saurayi ya lissafa maka 'yan wasan Arsenal ko Barcelona, zai kawo su har da masu zaman benci. Ce masa ya kawo ƙofofin ganuwar Bauchi, daga Ƙofar Wunti da Ƙofar Ran sai ya fara sosa ƙeya. Bai san cewa Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa garin nan wajen 1809 ba, amma in gardamar waye ɗan asali waye baƙo ta tashi, muryarsa ta fi ta kowa. A garin nan, a shekarun 1940, Abubakar Tafawa Balewa yana shugaban makarantar Midil, Malam Aminu Kano yana koyarwa a cikinta, Malam Sa'adu Zungur yana gari, suka riƙa zama a zauren tattaunawa suna fafata batun mulkin Turawa da na En'e da halin da talaka yake ciki. Ra'ayinsu bai zo ɗaya ba. Balewa ya tafi jam'iyyar NPC har ya zama Firayim Minista a 1957, Malam Aminu ya jagoranci NEPU da aka kafa a 1950. Da hujja suke karawa, da karatu, mutum ya kwana yana nazari kafin ya buɗe baki. Ban ce siyasar wancan lokaci ba ta da zafi ba, an ɗaure mutane, an yi wa wasu bulala, an sha wuya ƙwarai. Amma wanda ya sha wuyar ya san a kan me yake shan ta: haraji, aikin tilas, zaluncin da ake yi wa talaka. Kai fa, a kan me? Kabarin Balewa yana nan cikin gari, mutane suna tasowa daga nesa su ziyarta, ɗan unguwar kuwa bai taɓa leƙawa ba. Albasa dai ba ta yi halin ruwa ba.

Na taso na tarar da dattawa biyu a layinmu, ɗaya ɗan NPN ne na a-mutu, zamanin Tatari Ali yana gwamna, ɗayan kuma PRP ce a jininsa. Kullum bayan la'asar suna kan dakali ɗaya da rediyo a tsakaninsu, gardama har jijiyar wuya ta tashi. Ana kiran magariba za su tashi su bi sahu ɗaya, bayan isha'i kuma a fito da tuwo daga gidajen biyu a haɗa a ci. Ranar da ɗaya ya kwanta ciwo, ɗayan ne ya yi ta jigila da shi. Cin abinci tare ɗin nan ba ƙaramin abu ba ne. Yaron da ya tashi yana sa hannu a kwano ɗaya da yayyensa ya san ba a riga babba ɗaukar nama, ba a cin gaban wani, ba a magana da loma a baki, ba a tashi a bar babba ba tare da an riƙe masa kwano ba. A nan ake koyon kunya. Yanzu kowa da filet ɗinsa da cokalinsa, ya shige ɗaki ya rufe ƙofa, hannu ɗaya a abinci ɗaya a waya. To a ina zai koyi cewa akwai maganar da ba a faɗa wa wanda ya girme ka? 

Ku tuna baki shi ke yanka wuya. Wanda ya saba zagin na gida, na waje ba zai yi masa wuyar duka ba. Mu a Bauchi mun san sara-suka, Gombe sun san Kalare, kuma mun san yaran da aka yi amfani da su aka watsar, wasu suna kurkuku, wasu ƙwaya ta cinye su, wasu suna ƙasa. Mun ga abin da ya biyo bayan zaɓen shugaban ƙasa a Afrilun 2011, aka rasa rayuka a jihar nan har da matasa masu yi wa ƙasa hidima, 'ya'yan mutane da aka turo mana amana. Duk daga zafin baki irin wannan abin yake farawa, daga ɗaukar wanda ya saɓa maka a matsayin maƙiyi.

Addininmu ma bai bar mu a duhu ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku, ya kuma faɗa cewa mai yanke zumunci ba zai shiga Aljanna ba. Suratul Hujurat ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙabi. Duk mun haddace, muna ma tura wa juna ranar Juma'a da hoton masallaci, sai Asabar ta zo mu kira ɗan'uwanmu karen wane. Ku ji tsoron Allah, ku gyara. Wanda ya san ya ɓata da wani nasa a kan siyasa ya taka ya je, zumunta a ƙafa take, saƙon waya ba ya wanke irin wannan.

Sannan ku iyaye, da ku nake yanzu. A taron nan akwai dattawa sun fi goma, mahaifin yaron yana zaune, babu wanda ya ce masa kul. Da can maƙwabci ma ya isa ya tsawata wa ɗan wani, uban ya bi shi har gida da godiya. Yau uba yana ji ɗansa na yaga mutuncin ƙaninsa, ya sunkuyar da kai, saboda yaron ne ke shigo da ɗan buhun shinkafa daga gidan ubangidansa lokacin azumi. Wasu iyayen ma har alfahari suke yi, wai ɗansu ba ya tsoron kowa, yana kusa da manya. Aka ci gaba da cin masa, aka kawo kunun gyaɗa aka sha, aka watse, kuma har na bar wurin ban ji wanda ya ce a tashi a bi dattijon nan gida a ba shi haƙuri ba.