Kasafin ƙaramar hukuma ba kuɗi ne a hannu ba

Da zarar shugaban ƙaramar hukuma ya gabatar wa kansiloli kasafin shekara, sai mutane su ɗauka kuɗin na nan ajiye a banki, shi ne kawai ya ƙi fitarwa. Ba haka ba ne. Kasafi ƙiyasi ne na abin da ake sa ran zai shigo.

Mafi yawan kuɗin daga asusun tarayya yake zuwa, wata-wata, bayan zaman kwamitin rabon arzikin ƙasa. Ƙananan hukumomi 774 na Najeriya kashi 20.60 cikin ɗari na kuɗin asusun suke rabawa a tsakaninsu. Rabon yana hawa yana sauka da farashin ɗanyen mai da darajar naira. Harajin kasuwa, tashar mota da mayanka kuwa, a yawancin ƙananan hukumomin karkara bai taka kara ya karya ba.

In kuɗi ya shigo, albashin malaman firamare, ma'aikatan lafiya da 'yan fansho ake fara cirewa. Ragowar ce ke zuwa ga rijiyar burtsatse ko kwalbati. Shi ya sa aiki kan fito a kasafi shekara uku a jere, ko bulo ɗaya ba a aza ba. Satar ma akwai ta, amma wannan lissafi ne daban.