Har yaushe ɗan Zango zai daina rantsuwa cewa shi ɗan Gana ne?

Makon da ya wuce na raka ɗan yayata wani ofishi a nan Kumasi domin ya nemi takardar shaida, kuma abin da na gani a wurin ya hana ni barci. Wanda yake gabanmu a layi an tambaye shi garinsu, ya ambaci sunan wani ƙauye, aka rubuta, ya wuce. Da aka zo kan yaronmu, jami'in ya dubi sunansa a takarda, ya ɗaga kai ya tambaye shi daga ina ya fito. Yaro ya amsa cikin Tonanci mai kyau, wato yaren Ashanti, cewa shi ɗan unguwar Aboabo ne. Jami'in ya ce ba inda yake zaune yake tambaya ba, garinsu na asali yake nufi. Na ce, “Ranka ya daɗe, a Aboabo aka binne cibiyarsa, a nan aka haifi uwarsa, a nan aka haifi kakansa, wane gari kuma za mu ƙago maka?” Aka ce mu je mu dawo da ƙarin hujja. Yaron bai ce uffan ba har muka shiga mota, sannan ya tambaye ni, “Kawu, to mu 'yan ina ne?”

Amsar tana cikin dokar ƙasa, kuma ina roƙon kowane ɗan Zango ya haddace ta kamar yadda ya haddace lambar wayarsa. Tsarin mulkin 1992 ya ce wanda aka haifa a Gana ko a waje ɗan ƙasa ne muddin ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan Gana ne. Dokar zama ɗan ƙasa ta 2000 ta fayyace batun waɗanda aka haifa kafin 6 ga Maris 1957: idan an haife ka a nan, kuma an haifi ɗaya daga cikin iyayenka ko kakanninka a nan, to kai ɗan ƙasa ne ta haihuwa. Babu inda aka lissafa ƙabilun da suka cancanta, babu inda aka ce sai kana da ƙauye da gona da kujerar sarauta. Sashe na 17 na tsarin mulkin ma ya haramta nuna bambanci saboda ƙabila ko addini. Saboda haka jami'in da ya ga Sani ko Garba ko Hadiza ya fara shakka, alhali bai yi shakkar wanda ya gabace su ba, ra'ayin zuciyarsa yake aiwatarwa da hatimin gwamnati.

Masu cewa jiya muka zo su koma tarihi. Fataken goro sun shafe ƙarnoni suna bin hanyar Gwanja zuwa kasuwar Salaga tun ba a san za a yi ƙasa mai suna Gana ba. Turawan da suka ziyarci Kumasi a 1817 da 1820 sun tarar da malamai Musulmi a fadar sarkin Tonawa Osei Bonsu, ana girmama su, ana neman addu'arsu. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya warwatsa mutanenta, wasu suka gangara Kete Krachi, inda Alhaji Umaru ya zauna yana karantarwa har rasuwarsa a 1934, wasu suka nufo kudu. Rundunar da Turawa suka kafa a wannan ƙasa, wadda ta zama tushen soja da 'yan sanda, da sunan Hausawa aka san ta. Gidan da ya yi shekara ɗari da ɗoriya a wuri ɗaya, ya aurar ya auro, ya binne mamatansa a Tafo, idan har yanzu baƙo ne, to a gaya mana shekara nawa baƙunta take ɗauka kafin ta ƙare.

Abin da ya sa dattawanmu suke rawar jiki idan an taɓo wannan magana shi ne sun ga abin da ya faru da idonsu. A 1957, shekarar 'yancin kai, gwamnatin Nkrumah ta kori Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Lardan, manyan Zangon Kumasi waɗanda suke ɓangaren adawa. Sun garzaya kotu suna cewa su 'yan ƙasa ne, sai majalisa ta yi doka ta musamman da sunayensu domin a rufe shari'ar, aka fitar da su zuwa Najeriya. A watan Nuwamba 1969 kuma gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya tattara ya bar ƙasar. Dubun dubatar mutane suka sayar da gidaje da shaguna a arha banza, aka raba mata da miji, kuma cikin waɗanda suka hau manyan motoci akwai waɗanda ba su taɓa ganin wata ƙasa ba. Kakata ta rasu tana lissafa maƙwabtan da suka tafi a lokacin ba su dawo ba. Na kawo misalan biyu da gangan, domin ɗaya daga gidan Nkrumah ya fito, ɗayan daga gidan Danquah da Busia, kuma duk mai son ya mayar da wannan rubutu makamin jam'iyyarsa ya nemi wani wurin.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda shakkar take ɓacewa idan ana bukatarmu. Babban filin wasan wannan birni sunan ɗan ƙwallo Baba Yara yake ɗauke da shi. Abdul Razak, ɗan Kumasi, ya zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka a 1978. Ranar da Mohammed Kudus, ɗan Nima, ya zura ƙwallo biyu a ragar Koriya ta Kudu a gasar cin kofin duniya ta 2022, ban ji wanda ya tambayi garin kakansa ba. Haka nan idan zaɓe ya matso, mazaɓar Asawase ta nan Kumasi takan cika da buhunan shinkafa da sukari a watan azumi, 'yan takara su sa babbar riga da hula su zo gaisuwar salla. An kafa ma'aikata da asusun raya Zango a 2017, an yi filayen ƙwallo, an gyara wasu kwatoci, ban raina ba. Amma ciyawar roba ba ta share hawayen yaron da aka ce ya je ya nemo asalinsa, kuma a lokacin rajistar masu zaɓe wakilan jam'iyyu ne kan gaba wajen ƙalubalantar mutanenmu a duk rumfar da suke tsoron ƙuri'arta.

Na san abin da za a ce, kuma akwai gaskiya a ciki. Iyakokinmu a buɗe suke, akwai masu shigowa jiya su nemi katin ƙasa yau, akwai kuma 'yan uwanmu da suke tsaya musu shaidar zur saboda kuɗi ko kunya. Hukuma tana da haƙƙin bincike, kuma wanda ya yi rantsuwar ƙarya a hukunta shi ko limami ne. Abin da nake nema shi ne a yi wa kowa tambaya iri ɗaya. Akwai masu jin yaren Akan a Kodebuwa, akwai Ewe a Togo, su ma Ewe ɗin sun san ɗacin wannan tuhuma, Fulani kuwa sun fi kowa shan ta. Yanzu da katin Gana ya zama mabuɗin banki da layin waya, hana mutum shi daidai yake da ɗaure masa hannu a kasuwa. Kuma tun da kotun ƙoli ta ce a 2020 takardar haihuwa kaɗai ba ta tabbatar da zama ɗan ƙasa, talakan da ba shi da fasfo ya dogara ne kacokan da adalcin wanda yake zaune bayan tebur.

Mu ma muna da namu laifin, kuma dole a faɗa. Mukan yanka rago ranar suna, a ci a sha, amma a manta da yi wa jariri rajistar haihuwa har sai ya isa shiga makaranta. Sunan mutum ɗaya sai ka gan shi an rubuta shi iri uku a takardu uku. Wasu iyayen har yau idan an tambayi yaro garinsu sukan koya masa ya ce Kano ko Sakkwato, garuruwan da ko kakansa bai taɓa takawa ba, wasu kuma su koya masa ya ari sunan wani ƙauye a arewa domin ya tsira, wanda hakan amincewa ce da cewa gaskiyarsa ba ta isa ba. Alfahari da tushen kakanni ba aibu ba ne, sai dai wurinsa daban, wurin amsar jami'i daban.

Ina kira ga sarakunan Zango da limamanmu su sa rajistar haihuwa ta zama sharaɗin da ake tambaya ranar raɗin suna, kuma lauyoyinmu, waɗanda yanzu alhamdu lillahi muna da su da yawa, su ware rana guda a wata su zauna a harabar masallaci su duba takardun jama'a kyauta. Ga 'yan majalisar da muka zaɓa kuwa, bukatata ɗaya ce: su matsa a wajabta wa duk jami'in da ya ƙi karɓar takardun mutum ya rubuta dalilinsa da sashen dokar da ya dogara da shi, ya sa hannu. Ranar Litinin zan koma ofishin nan da yaron, da tsohuwar takardar filin gidanmu mai sunan kakansa, kuma idan an sake cewa mu je mu dawo, zan nemi a rubuta mini dalilin a takarda.