Sati Uku Ina Kokawa da Baho

Da hannuna na haɗa bahon ruwan zafin nan, irin wanda mutum huɗu za su zauna ciki ruwa yana ta ɓulɓulowa yana dukan bayansu. Uwargida ta ce a kira wanda ya san aikin, na ce ba a haife shi ba wanda zai koya mini ɗaura tiyo. Da na gama, abu uku suka rage a kwali: littafin bayani, kwalbar takardun gwaji, da wani farin abu mai siffar gwangwani, jikinsa ninki-ninki. Na ce wannan na ko-ta-kwana ne, na tura kwalin lungu.

Lissafina mai sauƙi ne. Ruwan da ke zaune a digiri 38, wace ƙwayar cuta za ta jure masa? Ashe ɗumin nan ne suke nema ruwa a jallo. Kwana tara, ruwa ya koma kamar an jiƙa alli, bangon baho ya yi santsi, ni kuma ƙuraje suka feso mini daidai inda wando ke rufewa. Likita ya duba sau ɗaya ya ce, "Kana shiga bahon ruwan zafi ko?" Ya kira mini sunan ƙwayar, Pseudomonas, ya ce gindin gashi take kamawa.

Na dawo gida da fushi, na buɗe robar kulorin, maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, na zazzaga da ka, babu awo. Wari ya turnuƙe.

"Kin ji ƙamshin tsafta?" na ce da uwargida.

"Maigida, idonka ya yi ja kamar garwashi. Fito."

Daga baya na gane warin nan mai yaji yana tashi ne idan kulorin ya gauraya da gumi da man shafawa. Wato daudata nake shaƙa ina alfahari.

Dole na lalubo littafin da kwalbar. Ka tsoma 'yar takarda, ka cire, ka gwada launinta da na jikin kwalba. Ana son pH, wato awon da ke nuna ko ruwa ya yi tsami ko ya yi kanwa, tsakanin 7.2 da 7.8, kulorin kuma 3 zuwa 5. Nawa pH ɗin ya haura 8, inda kulorin ke zama kamar maigadi mai gyangyaɗi. Na zuba hodar saukarwa, ya faɗo 6.8. Na zuba ta ɗagawa, ya sake tashi. Kwana huɗu muna lilo ni da shi. Har tsakar dare nake fita da tocila ina tsugune, ina gardama da kaina ko wannan launin ruwan goro ne ko ja. Maƙwabcina ya leƙo ta katanga ya tambaya, cikin ladabi, ko lafiya.

Laifin nawa ne, don shafi na huɗu na tsallake. Akwai awo na uku, alkaliniti, wanda ake so tsakanin 80 da 120, shi ke riƙe pH kada ya yi ta tsalle, kuma shi ake fara gyarawa. Sannan in ka zuba magani sai ka bar famfo ya juya ruwan kafin ka sake gwaji. Ni kuwa duk minti biyar nake tsoma takarda, in ban ga canji ba in ƙara.

Ranar da launuka uku suka yi daidai, na sa wando sabon wanki na shiga, na danna maɓallin iska. Kumfa ta taso har haɓata. Ragowar garin sabulun da ke jikin wandon ne. Yara suka zagaye ni suna tafi.

Littafi ya ce a canja ruwa duk wata uku zuwa huɗu. Ni a sati na uku na zubar. Da baho ya bushe sai na ga wani gurbi, zagayayye, babu komai a ciki. Na duba zanen shafi na biyu: mataci, wanda ke tare gashi da maiƙo da ƙura.

Na ruga lungu, kwali wayam. Can na jiyo kiɗa daga ɗakin yara. Autana na zaune da farin gwangwanin a hammata yana dukansa da cokali.

"Kawo, na baho ne."

"A'a Baba, ai ka ce ba shi da amfani."