Kafin ku goya jaka ku sauka a Holan

Ƙannena maza da mata da ke karatu a Turai, musamman ku da ke Jamus da Hungari da Faransa, na san da zarar an rufe makaranta hutun bazara ya kama, hirar da ke yawo a tsakaninku ita ce ta tikitin Interrail, wato tikiti ɗaya na hawa jiragen ƙasa a ƙasashen Turai da dama. A haɗa kuɗi, a goya jaka, a keta ƙasa biyar a mako biyu. Ban ga aibu a nan ba, tafiya mabuɗin ilimi ce. Abin da ke damuna shi ne yadda kusan kowa ke saka Holan a lissafi, kwana ɗaya ko biyu, amma in ka tambaye shi me zai je yi sai ya yi murmushi. Wannan murmushin ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Mu fara da takardu, don nan ake fara jin kunya. Interrail na mazauna Turai ne, wanda ke zaune a wajenta kuwa Eurail zai saya. In kana da katin zama na wata ƙasar Schengen, wato rukunin ƙasashen Turai da suka buɗe wa juna iyaka, kana iya zagaya sauran har kwana 90 cikin kowane kwana 180. Amma wanda ke Ingila ya sani katinsa ba ya aiki a nan, sai ya nemi biza. Kuma kada ka ce ai ba a binciken kan iyaka ka bar fasfo a ɗaki. Dokar Holan ta wajabta wa duk wanda ya kai shekara 14 ya nuna shaidarsa in ɗan sanda ya nema. Jiragen cikin ƙasar ba sa buƙatar ka kama kujera tun da wuri, amma jirgin ƙasa na Eurostar mai zuwa Faris yana buƙata, da ƙarin kuɗi a kan tikitinka.

Shawarata, kada ku kwana a Amstadam. Ku sauka a Utrecht. Tsakaninsu bai kai tafiyar rabin awa a jirgi ba, kuma tashar Utrecht ce cibiyar layukan dogon ƙasar, ta fi kowace cunkoson matafiya, daga nan ko'ina kusa ne. Amstadam ta yi wa ɗalibi tsada, harajin baƙi kaɗai kashi 12.5 cikin ɗari ne a kan kuɗin ɗaki tun 2024. Sannan ga abin da ba a cika faɗa ba: tsakiyar Amstadam da dare an shirya ta ne don tatsar aljihun matashin da ya zo shi kaɗai, ba uwa ba uba, ba mai ce masa kul. Utrecht garin ɗalibai ne, jami'arsa tun 1636 take, kuma ana iya taka tsakiyarsa da ƙafa cikin nutsuwa.

To, ga batun murmushin nan. Shagon da aka rubuta wa coffeeshop a Holan ba wurin shan shayi ba ne, tabar wiwi ake sayarwa. Yara da yawa suna zuwa da labarin cewa ai a can halak ce a doka. Ba haka ba ne. Hukuma ta kau da kai ne kawai ga sayar da abin da bai wuce giram 5 ba ga wanda ya kai shekara 18, dokar haramcin tana nan. Kai kuma da gobe za ka hau jirgi zuwa Beljiyam ko Jamus, in aka same ta a jakarka ka tsallaka iyaka da ita, laifi ne, kuma kai ba ɗan ƙasa ba ne. Abokinka Bature zai biya tara ya koma gida. Kai katin zamanka da tallafin karatunka ne a kan faifai, da gonar da wataƙila aka sayar aka yi maka kuɗin jirgi. Wannan lissafin duniya ke nan, ban ma kai ga na lahira ba. Ku lura kuma da kek da biskit ɗin da ake sayarwa a irin waɗannan shaguna, akwai masu haɗi a ciki. Ana cewa in ka je gari ka ga kowa da wutsiya ka nemi taka ka ɗaura, amma ba kowace wutsiya ba. Yawancin mutanen Holan ɗin ma ba ruwansu da wuraren nan, safiya na yi suna kan keke sun nufi aiki.

Keken kuwa shi ne haɗarin da ya fi kusa da kai. A ƙarƙashin filin tashar Utrecht akwai wurin ajiye keke mai cin kimanin 12,500, babu kamarsa a duniya. Hanyar da ka ga an shimfiɗa da jan kwalta ta masu keke ce, kada ka tsaya a kai kana duba taswira a waya da ƙatuwar jaka a baya. Ba za su tsaya maka ba, ƙararrawa ɗaya ce sai dai ka ji ka a ƙasa. In ka yi hayar keke, riƙe waya a hannu kana tuƙi laifi ne tun 2019, tuƙin dare ba fitila ma tara ce.

Masauki ka kama shi tun kafin ka taso, don lokacin bazara gadaje na ƙarewa, kuma kafa tanti a inda ka ga dama haramun ne a dokarsu. Gidajen kwanan matafiya masu araha ɗaki ɗaya ne da gadaje masu hawa biyu, mutum shida ko takwas, sau da yawa maza da mata a haɗe. 'Yan'uwana mata, ku karanta da kyau kafin ku biya, akwai ɗakunan mata zalla a wurare da dama, ku nema. Ku tafi da ɗan kwado na kulle akwatin ajiya. Fasfo da waya su kwana a jikinka. A jirgi ma kada ka ɗora jaka a sama ka yi barci, 'yan sane sun san wanda ya gaji.

Sallah ba ta da wahala in ka shirya mata. Kai matafiyi ne, ƙasaru ta halatta maka matuƙar ba ka yi niyyar zaman kwana huɗu ba, kamar yadda muka karanta a mazhabar Malikiyya. Alƙibla tana kudu maso gabas. Abin da zai ba ka mamaki shi ne lokaci: a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare, asuba kuma ta zo maka tun ba ka gama juyi ba. Ka fita ta bayan tasha ka nufi unguwar Lombok, za ka ga masallacin Ulu na Turkawa da hasumiyoyinsa biyu, tafiyar 'yan mintoci. Titin Kanaalstraat da ke nan cike yake da shagunan Turkawa da 'yan Maroko, nama na halak, burodi, 'ya'yan itace, da araha. A cikin gari kuwa ka yi tambaya kafin ka ci duk wani abu mai niƙaƙƙen nama, alade na shiga wurare da yawa. Soyayyen dankalin Turawa da soyayyen kifin da suke kira kibbeling sun ishe ka. Ruwan famfo mai kyau ne, ka cika gorarka. Ka riƙe katin banki, don wasu shagunan ba sa karɓar tsabar kuɗi sam.

Sai abin da ya kawo ka. Ganin Dala ba shiga birni ba ne, kuma hoto goma a bakin gada ba shi ne ganin gari ba. Ka ajiye jakar a akwatunan ajiya na tasha ka taka. Hasumiyar Dom, ta babban cocin garin, tsawonta mita 112 ne, matakala 465, an gama ta a 1382. Za ka ga ta tsaya ita kaɗai, fili ya raba ta da cocin, saboda guguwar 1674 ta rushe tsakiyar ginin ba a sake tayar da shi ba. Ka sauka bakin ruwan Oudegracht, tsohon mashigin ruwan da ya ratsa garin, ka ga rumbunan da fatake ke sauke kaya daga kwalekwale kai tsaye. Ka kuma tuna a wannan gari aka ƙulla yarjejeniyar 1713, wadda a cikin sharuɗɗanta Ingila ta samu izinin kai bayi 4,800 duk shekara daga Afirka zuwa yankunan Sifen a Amurka. 'Yan'uwanmu na Gana sun san gidan bayi na Elmina, wanda ya kasance a hannun Holan daga 1637 har 1872. Ɗan Afirka da ya tsaya a nan yana da abin tunani fiye da sauran masu ɗaukar hoto.

Ranar tashi, ka isa tasha da wuri ka duba allo, don akan sauya dandamalin da jirgi zai tsaya. In ka shiga taragon da aka rubuta wa Stilte a taga, na shiru ne, ba a hira ba a amsa waya. Ka jinkirta kiran Umma sai ka koma wani taragon, amma ka kira ta, ka gaya mata garin da ka baro da wanda ka nufa.