A kai kyanwa da kare wurin likita a yi musu fiɗiya

Duk mai kiwo a Sakkwato ya san amfanin taure, kuma ba wanda ke ɗaga gira idan an dandaƙe bunsuru ko sa. Amma da an ce a yi wa muzuru fiɗiya, ko a cire wa karya mahaifa, sai ka ji ana cewa zalunci ne. A ganina zaluncin yana wani wuri: cikin buhun da ake zuba 'ya'yan kyanwa, ko ido ba su buɗe ba, a kai su bola ko bayan kasuwa a jefar.

Kyanwa kan balaga tun tana wata 4 zuwa 6, cikinta kwana 63 zuwa 65 ne, takan haifi uku zuwa biyar, kuma tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara. Karya kan nemi barbara kusan duk wata 6. Gidan da ya ajiye kyanwa ɗaya saboda ɓera ba zai iya ciyar da goma ba, sai a watsar da su.

Haka ma ake watsar da 'ya'yan karya, kuma karnukan da aka watsar ɗin su ne abin tsoro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, yawanci a Afirka da Asiya, kuma kusan dukkansu daga kare suka kamu. Fiɗiya ba ta maye gurbin allurar rigakafi, amma tana rage yawon bin karya da faɗace-faɗacen da ake yaɗa cutar a cikinsu. Tana kuma toshe hanyar wani ƙari da karnuka ke ɗauka ta barbara, wanda ke sa al'aurarsu ta riƙa ɗigar jini. Ita ko karya, in an cire mahaifar ta tsira daga ciwon da ke cika mahaifar da mugunya bayan lokacin neman barbara, wanda kan kashe ta in ba a yi tiyatar gaggawa ba. Haɗarin sankarar nono ma yana raguwa sosai idan an yi aikin da wuri. Muzuru kuma zai rage fesa fitsari a bango da kukan dare.

Masu cewa kyanwa za ta daina kama ɓera, ko kare ya daina gadi, su kwantar da hankali. Ɗabi'un nan ba daga maraina suke ba. Ta fuskar addini malamai sun halatta fiɗiyar dabbar da ake ci, sun yi saɓani a kan wadda ba a ci, wasunsu sun yarda idan akwai maslaha. Mai shakka ya tambayi malaminsa.

Inda ake ɓarna shi ne yin aikin a gida. Roba ko ƙarfen dandaƙa da ake yi wa bunsuru ba na kare ba ne, balle reza a tsakar gida. Allurar hana ɗaukar ciki da wasu ke yi wa karya ita kanta tana jawo ciwon mahaifar nan. A kai dabbar asibitin dabbobi. Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana da asibitin koyarwa na dabbobi a nan Sakkwato.

Kyanwa a kai ta tana wata 4 zuwa 5, kafin cikin fari. Manyan karnuka gara su kai shekara guda, ƙashinsu ya gama girma. Ba a so a yi wa karya aiki tana tsakiyar barbara, domin jijiyoyin mahaifa sun kumbura, jini zai zuba da yawa. A jira wata 2 zuwa 3. A hana dabbar abinci tun daren da za a wayi gari a yi aikin, awa 8 zuwa 12 ga babba, don kada ta yi amai cikin allurar barci ya shige mata huhu. Aikin muzuru na 'yan mintuna ne, yawanci ba ɗinki. Na mace kuwa buɗe ciki ake yi, a cire zaren bayan kwana 10 zuwa 14.

Jinyar ce ke ba mutane wahala. A zafin Maris zuwa Mayu a nemi aikin sassafe, a ajiye dabbar a inuwa da ruwan sha. A sa mata abin wuya mai kama da mazurari don kada ta lashe ɗinkin ya ɓalle, a duba wurin safe da yamma, domin ƙuda na iya zuba ƙwai tsutsa ta fito. Kumburi mai zafi, wari ko ƙin cin abinci fiye da kwana ɗaya, a koma wurin likita. Kada a kuskura a ba kyanwa farasitamol: ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Namiji kuma a raba shi da mata kamar wata guda, don yana iya yin ciki da sauran maniyyin da ke jikinsa. Daga nan a rage abinci da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, in ba haka ba ƙiba za ta biyo.