Kiɗan Kirsimetin nan ba ya numfashi

Sau uku na saurari sabon albam ɗin kiɗan Kirsimeti zalla, babu murya, da wani mai kaɗa fiyano ya fitar, daga farko har ƙarshe kafin in buɗe baki, don kar a ce na yi gaggawa, kuma har yanzu maganata ɗaya ce, kiɗan nan ba ya numfashi. Tun watan Oktoba ake ta tallarsa ana sako mana guntu-guntu, ni kuma da na san irin hannun da mutumin nan yake da shi a kan fiyano na sa rai ba kaɗan ba, har na ce wa ƙanwata kar ta saurara sai na fara ji na ba ta labari. Daren da ya fito na kashe fitila, na sa iyafis a kunne na kwanta. Kafin a gama kiɗa na huɗu sai ga ni ina duba waya in ga saura minti nawa. Abin ya min ciwo gaskiya.

Ku gane abin da nake nufi. Mai waƙa dole ne ya tsaya ya ja iska, kuma ɗan tsayawar nan ita ce inda waƙa take ratsa mutum. In ka ce za ka cire murya ka bar kiɗa zalla, to ka ɗora wa fiyano ko jita ko sarewa aikin maƙogwaro kenan, su za su ja iskar, su za su yi jinkiri a inda baki zai yi jinkiri. A albam ɗin nan, ban da wuri ɗaya, babu wannan ko kaɗan. Akwai wani abu da ake yi a sitidiyo, bayan mutum ya gama kaɗawa sai a sa kwamfuta ta jawo duk sautin da ya ɗan makara ko ya ɗan yi gaba ta ajiye shi daidai kan layi, kuma kunnena ya ce min an yi wa kiɗan nan haka tun daga kai har ƙafa. Makarar da suka goge ɗin nan fa ita ce hannun ɗan Adam. Sannan aka matse sautin yadda wurin da ya kamata ya yi laushi da wurin da ya kamata ya tashi duk ƙarfinsu ɗaya, aka kawo ƙananan ƙararrawa aka zuba a ƙarƙashin kusan kowane kiɗa suna ta cas cas cas ba hutu, kamar in babu su ba za mu san Kirsimeti ake nufi ba.

Abin da aka yi wa Silent Night shi ya fi ɓata min rai. Waƙar nan a daren jajibirin Kirsimeti na 1818 aka fara rera ta, a wani ƙaramin coci a Oberndorf ta ƙasar Ostiriya, Joseph Mohr da ya rubuta kalmomin da Franz Gruber da ya sa mata karin, mutum biyu da jita ɗaya. Waƙar lallashin jariri ce, sunanta ma shiru take kira. Mai albam ɗin nan kuma ya tara mata goge ya fi a ƙirga, ya sa ganga ta shigo a tsakiya, a baiti na ƙarshe ya ɗaga karin sama kamar ana rufe gasar waƙa a talabijin. Wane jariri ne zai yi barci a cikin wannan hayaniya? Ba ta numfashi, an shaƙe ta.

Na san wasu za su ce ai irin wannan kiɗan na sawa ne ana hira, ba na zama a saurara ba. Ban yarda ba. Albam ɗin Kirsimetin da Vince Guaraldi, wani mai kaɗa fiyano ɗan Amurka, ya yi a 1965 yawancinsa kiɗa ne zalla, fiyano da ganga da babbar jitar nan ta tsaye, shekara da shekaru mutane suna sa shi suna hirarsu, amma duk lokacin da ɗaki ya yi shiru ka kasa kunne sai ka tarar da makaɗan a cikin kiɗan suna sauraren junansu. Masu cewa kai me ka taɓa kaɗawa kuma, ba sai na iya ɗinki zan san riga ta matse ni ba. Masu cewa lokacin murna ne a bar suka, ai don lokacin yana da daraja a wurina shi ya sa nake magana, waƙoƙin nan da su na tashi, wasu ma in na ji su mutanen da suka riga mu gidan gaskiya nake tunawa.

Kuma ba wai ba zai iya ba, abin da ya hana ni haƙura kenan. A kiɗa na tara akwai wurin da komai ya ɗauke aka bar sarewa ita kaɗai, bai kai minti ɗaya ba, har ana jin mai busar yana jan iska kafin ya shiga layi na biyu. Na mayar da wurin ya fi sau goma, idona ya ciko. Da haka aka yi sauran da yanzu roƙon ku nake ku je ku saurara.

Na ma nemi sunan mai sarewar nan na rasa. Na duba bayanin albam ɗin a manhaja, sunan mutum ɗaya ne da na kamfani, shi kenan. Da can in ka sayi kaset ko faifan CD akwai 'yar takarda a naɗe a ciki, ka zauna kana karanta wanda ya buga ganga da wanda ya busa ƙaho da inda aka ɗauka, har ka riƙe sunayen kana neman su a wasu faya-fayan. Yanzu mutum zai zo ya yi aikin da ya fi na kowa kyau ya tafi ba wanda ya san ko namiji ne ko mace. Ni dai ina nan ina neman sunan, kuma in na samu duk abin da ya taɓa busawa sai na nemo na ji.