Peter Lacy: an kore shi daga gida yana yaro, ya girma yana ƙona gidajen wasu

Yaro ɗan shekara 13 aka ba takobi a garin Limerick na ƙasar Ayalan a 1691, shekarun da a ce yana gaban malami ne. Sunansa Peter Lacy, haifaffen ƙauyen Killeedy a 1678, ɗan Katolika, kuma ɓangaren da ya shigar wa na Sarki James na biyu shi ne ya sha kashi a hannun rundunar William, ɗan Furotestan da ya karɓe wa James gadon sarautar Ingila. Da aka rattaba hannu kan yarjejeniyar Limerick a watan Oktoba sai dubban sojoji suka bi kwamandansu Patrick Sarsfield cikin jiragen ruwa zuwa Faransa, su ne waɗanda mutanensu ke kwatantawa da dinyar daji mai ƙaura. Wannan yaro na cikinsu, kuma aikin soja bai sake mayar da shi gida ba.

Wasu da sun ji labari irin wannan sai su ce ai sojan haya ne kawai, duk wanda ya biya shi zai yi wa yaƙi. Ni gaskiya ban yarda da wannan ba. A duba abin da ya baro a baya mana. Dokokin da aka kafa a Ayalan bayan yaƙin sun hana ɗan Katolika riƙe makami, sun hana shi muƙamin gwamnati da kujerar majalisa da zama hafsa, kai har doki ma an ƙayyade masa, ba shi da ikon mallakar wanda kuɗinsa ya haura fam 5, in ɗan Furotesta ya ga ingarmanka ya yi masa sai ya miƙo maka fam biyar ya kama linzami ya yi gaba kana tsaye kana kallo. To mutumin da ba abin da ya iya sai yaƙi, a ƙasar da ko dokin kirki ba zai hau ba, ina zai nufa?

Ya yi wa Faransa aiki, ya ɗan taɓa Ostiriya, a 1700 ya faɗa Rasha hannun Sarki Peter Mai Girma lokacin da yake neman ƙwararrun hafsoshi ido rufe. A nan ya zauna sama da shekara hamsin, wanda ɗan haya ba ya yi, shi da an daina biya ya naɗe tabarmarsa. An ji masa rauni a Poltava a 1709, ya riƙe gwamnan Riga, a 1736 aka ba shi muƙamin fil mashal, wato ƙololuwar muƙamin hafsan soja, sannan ya ci sansanin Azov, a 1741 ya murƙushe Suwidin a Villmanstrand. Rashawa har suna suka raɗa masa irin nasu, Pyotr Petrovich. Ɗansa Franz Moritz shi ma ya zama fil mashal a Ostiriya. Gida ɗaya, manyan kwamandoji biyu, kuma ko ɗaya bai amfani ƙasar da ta haifi uban ba, wannan asarar masu waccan doka ne suka jawo ta da hannunsu.

Amma fa inda nake rabuwa da masu yi masa kirari shi ne abin da ya yi a Kirimiya, yankin Tatar da ke bakin Bahar Aswad. A 1737 ana yaƙi tsakanin Rasha da Daular Usmaniyya, Khan, wato sarkin Tatar, ya tara dakarunsa a Perekop, ƙofa ɗaya tilo ta ƙasa da ake shiga tsibirin, yana jiran Lacy ta nan. Shi kuwa sai ya zagaye, ya bi wani siririn tudun yashi da ake kira Arabat, teku a hannu ɗaya fadamar gishiri ta Sivash a ɗaya hannun, ya ƙetara da rundunarsa ya ɓullo musu ta baya inda ba wanda ya zata. Dabara ce ta gwani, ba musu. Sai dai abin da ya biyo baya wuta ce, aka banka wa garin Karasubazar da ƙauyuka masu yawa na Tatar, Musulmi manoma da makiyaya, aka kore musu dabbobi. Kafin nan ma ya yi irin haka a gaɓar tekun Suwidin tsakanin 1719 da 1721, yana sauka daga jirgi yana ƙona garuruwa da masana'antun ƙarfe.

Wannan ne ke ci min rai wallahi. Mutumin da ya san zafin a raba ka da ƙasarka saboda addininka, wanda ya ga yadda ake hawa jirgi da kuka, shi ne kuma ya zama hannun da wata daula ta yi amfani da shi ta raba wasu da muhallinsu. Za a ce umarni aka ba shi, haka yaƙin zamanin yake, su ma Tatar ɗin sun daɗe suna kai hari suna kamo bayi daga ƙasashen Rasha da Yukiren, duk na ji kuma gaskiya ne. Amma tsohuwar da aka ƙona wa rumbu a Karasubazar ba ita ta hau doki ta je kamun bayi ba.

Don haka ni ba zan kira shi ɗan haya ba, ya riƙe amanar waɗanda suka karɓe shi har ya mutu a Riga a 1751, sai dai ba zan iya kiransa gwarzo da cikakken baki ba matuƙar ina tuna hayaƙin 1737.